Ɗakin Kyauta a Mamobi

Ranar da muka sauka a Accra, wadda mutanenmu ke ce wa Ankara, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ni da 'yata Nafisa ne, tana shekara goma sha biyu a lokacin, sai jaka ɗaya da kan keken ɗinkina da na naɗe cikin bargo. Tun daga Zariya nake rungume da shi, duk iyakar da muka zo sai an sa na kwance an duba. Mijina ya rasu, shagon da nake ɗinki a bakin titi an rushe shi, wata ƙawata kuma ta haɗa ni da wani Ɗanjuma ta waya, ta ce yana da hanya a Nima, ana neman mai ɗinkin mata irin na gida.

Ɗanjuma ya zo tasha ya tarye mu da fara'a. Ya sa mu a torotoro, ƙaramar motar hayarsu, har Nima. Ya zaunar da mu a bencin wata mai abinci, ya ce mu huta, bari ya kai keken shago ya gaya wa mai shagon mun iso. Na miƙa masa da hannuna. Na bi shi da kallo har ya sha kwana tsakanin wani mai gyaran waya da mai sayar da gawayi. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Da na kira lambarsa, wata murya ta gaya mini da Turanci wayar a kashe take.

Mai abincin ce ta fara yi mini magana. Mace ce gajera mai ƙiba, da tsage a kumatu irin na mutanen arewacin Ghana. Sunanta Mma Lamisi.

"Ke 'yar Najeriya, tun safe kina nan. Yarinyan nan ya ci abinci?"

Sai da na waiwaya ina neman yaron da take nufi. Daga baya na gane Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Na gaya mata abin da ya faru. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma ce a je a neme shi ba. Ta zuba mana wake da shinkafa a ganye, wanda su suke kira wace, ta sa taliya da garin rogo da wani baƙin yaji a kai.

"Ku ci tukuna. Mashin ya tafi. Ke dai kina nan." Keken ɗinkina take ce wa mashin.

Wannan ce tashata ta farko. Muna kwana a barandar rumfarta tare da wasu 'yan mata masu dako a Kasuwar Makola, kowa ta tada kai da farantin da take ɗaukar kaya. Ni ina tsince wake, ina wanke kwanuka, ina ɗebo ruwa, Nafisa tana goge ganye. Wanka sai an bi layi a gidan wanka na haya. Akwai wata babbar kwata da ta raba Nima da Mamobi, warinta yana shiga tufafi, yana shiga abinci, har ya zama in na yi salla ina jin sa a hijabina. Kiran salla kuwa daga ko'ina yake tasowa, lafazin ɗaya ne da na gida, amma duk lokacin da na ji shi sai in tuna masallacin ƙofar gidanmu da muryar ladaninmu mai rawa, sai abin da nake wankewa ya suɓuce. Innata takan kira ni ranar Juma'a. Nakan ce mata shago yana tafiya, aiki ya yi yawa shi ya sa muryata ta dishe.

Da damina ta kama, kwatar ta cika ta tumbatsa. Ruwa baƙi ya hau barandar, ya tafi da takalman Nafisa. Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya kwantar da ita, tana rawar sanyi a kan kwali, ni kuma ina kare ta da leda. Washegari Mma Lamisi ta tsaya a kanmu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce akwai wani Alhaji Boga a Mamobi, yana da ɗaki a gidan gadonsu, kuma ya taɓa ce mata in ta ga mace mai 'ya da ba ta da wurin kwana ta gaya masa.

Boga suna ne da suke ba duk wanda ya zauna ƙasar Turawa ya dawo. Sunansa na yanka Isaka. Ya haura hamsin, dogo ne, mai furfura a gemu, maganarsa a hankali. Ya daɗe a Amurka yana tuƙin tasi, har ya zama ɗan ƙasa. Da muka je, ya nuna mini ɗakin daga bakin ƙofa, bai taka ciki ba. Akwai katifa, akwai fanka, rufin ba ya yoyo. Da na tambayi kuɗin haya sai ya ɗaga hannu.

"Maman Nafisa, kada ki ƙara wannan magana. Don Allah na yi."

Na durƙusa ina godiya har hawaye ya zo mini. Shi ya kai Nafisa asibiti, shi ya sa ta makaranta, ya ɗinka mata kayan makarantar. Da ya ji labarin kekena, ya fito da na marigayiya mahaifiyarsa daga ƙarƙashin gado, ya kira mai gyara ya sa masa mai. Na kafa shi a tsakar gida. Kafin azumi matan layin sun san ni, suna kawo atamfa suna cewa a yi musu irin na Kano.

Ba mu kaɗai ba ne a gidan. Akwai yayarsa, Hajiya Memuna, tsohuwa mai ciwon ido da ba ta cika fita ba. Ba ta taɓa yi mini rashin mutunci ba, ba ta kuma taɓa sakin jiki da ni ba. In Nafisa ta dawo makaranta ta tarar ban nan, tsohuwar takan kira ta ɗakinta ta ce ta zauna ta tsefe mata kai, ba za ta sake ta ba sai ta ji muryata. Na ɗauka kaɗaici ne.

Alhaji ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Da yamma yakan yi ta kai da komowa a tsakar gida da waya a kunne yana Turanci, wani lokaci muryarsa ta hau, wani lokaci ya yi shiru ya daɗe yana saurare. Matarsa da 'ya'yansa maza biyu suna can Amurka. Na taɓa jin yana roƙon ƙaramin ya kunna hoto ya gan shi, yaron ya ƙi.

Mun kusa shekara a gidan ranar da ya zo ya zauna a kan turmi kusa da kekena, ya ce yana neman alfarma.

Ya ce shekarun baya ya shiga wata matsala a can, sharrin maƙwabta, ya yi zaman gidan yari ya fito. A ƙasar akwai rajistar gwamnati da ake sa sunan wanda aka taɓa kamawa da irin wannan shari'a, kuma hawa-hawa ce. Shi alƙali ya sa shi a matakin ƙasa, aka ce ya riƙa zuwa wurin 'yan sanda yana nuna kansa, bayan wasu shekaru a cire sunansa. Ya bi duk abin da aka ce. Ana saura kaɗan ya gama, jihar da yake zaune ta sake doka, aka ɗauke shi aka mayar matakin sama ba tare da ya sake yin komai ba, ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba. Matakin sama kuwa har mutuwa ne. Aka sa hotonsa inda kowa zai gani, aka aika wa maƙwabta takarda, aka karɓe izinin tasinsa, aka ce gidan da yake ciki ya yi kusa da makaranta. Sai ya tattaro ya dawo Mamobi. Yanzu lauyansa ya shigar da ƙara, yana cewa ba a hukunta mutum sau biyu, ba a kuma ɗora wa tsohon laifi sabuwar doka. Kotu za ta zauna ta duba ko shi mutum ne mai haɗari. Ana son wanda ya zauna da shi ya faɗi halinsa.

"Gaskiya kawai za ki faɗa. Kin zauna gidana ke da 'yarki. Na taɓa yi muku wani abu?"

"Alheri kawai, Alhaji."

"To shi ke nan."

Na tambaye shi wace irin matsala ce. Ya kalli ƙasa ya ce, "Maganar mace ce. Kin san Turawa." A raina na ce wata ce ta so shi ya ƙi, ko rigimar kuɗi ce aka juya. Mutumin da ya ɗauke 'yata daga kan kwali, kunya ba ta bar ni na ƙara tambaya ba.

Ranar zaman, bayan azahar, muka je Kokomlemle, ofishin wani lauya a saman bene. A can Amurka safiya ce. Aka zaunar da ni gaban allon kwamfuta, aka sa na rantse. Allon ya rabu gida-gida: alƙali mace mai farin gashi, lauyan Alhaji, sai wata baƙar fata mai tabarau da aka ce lauyar gwamnati ce. Tafinta ba ya da hoto, murya ce kawai, kuma da ya yi sallama na ji Hausar Damagaram. Rabon da in ji Hausa cikakkiya haka har na manta. Alhaji yana gefena cikin farar shadda.

Lauyansa ya fara. Na faɗi komai: baranda, zazzaɓi, ɗaki, makaranta, keke. Ya tambaya ko Alhaji ya taɓa shiga ɗakinmu, na ce ko sau ɗaya. Ko ina jin tsoron barin 'yata a gidan, na ce a'a. Ya yi murmushi ya ce ya gama.

Sai mai tabarau ta matso da fuskarta. Ta gaishe ni da ladabi. Ta tambayi shekarun Nafisa, na ce sha uku yanzu. Ta tambaya wa ya nemi wani, ni ko shi. Na ce shi ya bar sallahu wurin mai abinci. Sallahun me? Na ce mace mai 'ya da ba ta da wurin kwana. Ina faɗa na ji maganar ta yi wani iri a bakina.

Ta sake yin magana mai ɗan tsawo. Tafinta bai fassara nan take ba. Na ji numfashinsa. Alƙali ta ce wani abu, sai ya ce:

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, aikina ne in faɗa yadda aka faɗa. Ta ce, kafin ki shigo da ɗiyarki gidansa, ya gaya miki cewa ya amsa da bakinsa a gaban kotu ya yi lalata da yarinya 'yar shekara goma sha uku, ɗiyar maƙwabciyarsa, wadda uwarta ke bar masa ita in ta tafi aiki?"

Fankar ofishin tana juyawa, ina jin ƙararta. Na juya na kalli Alhaji. Idonsa yana kan tebur. Lauyansa ya ɗaga murya yana wata magana, alƙali ta dakatar da shi.

"Ana jiran amsarki," in ji tafinta, a hankali.

"Bai gaya mini ba."

"Ta ce, da ya gaya miki, za ki shiga?"

Na so in ce a'a da ƙarfi. Sai na tuna jikin Nafisa yana rawa a kan kwali, ruwan kwata yana taɓa ƙafarta. Ga shi ban daɗe da rantsuwa da Alƙur'ani ba.

"Ban sani ba," na ce. "Amma da ya gaya mini, da ni na zaɓa."

Ban tuna sauran tambayoyin ba. Na sauko benen. Alhaji ya cim mini a bakin titi, inda masu sayar da ruwan leda ke bin motoci.

"Maman Nafisa, tsaya ki ji."

"Sharrin maƙwabta ka ce."

"Na yi. Ban musa ba. Na yi, na tuba, na yi zaman da aka yanka mini har ranar ƙarshe. Shekara nawa ban sake kallon kowa ba. Alƙali ya ba ni wa'adi, na cika, suka ce a'a, har kabari. Ke ki faɗa mini, wannan adalci ne?"

"Ni ban san dokarsu ba, Alhaji. Abu ɗaya nake tambaya. Ɗakin nan don Allah ka ba ni, ko don yau?"

Ya ce, "Duka biyun." Ya share fuska da hannun riga. "Lauya ya ce ba wanda zai yarda na canza sai an ga na zauna kusa da yarinya ban yi komai ba. To ban yi ba. Ke shaida ce."

"Da 'yata ka gwada kanka."

Na tsayar da torotoro na shiga, na bar shi nan.

Abin da ya fi mini wuya a duk zamana na Ghana shi ne abin da ya biyo baya. Na tarar da Nafisa a ɗakin Hajiya Memuna. Na ja ta zuwa namu, na rufe ƙofa, na zaunar da ita a katifa. Ban san ta inda uwa ke fara irin wannan tambaya ba. Na yi ta kewaye-kewaye, har dai na fito fili. Ta zaro ido.

"Umma, Baba Alhaji? Wallahi bai taɓa ba."

Na sa ta rantse. Na sake tambaya ta wata hanyar. Ta ce sau ɗaya dai ya ce ta tsaya kusa da shi a tsakar gida da kayan makaranta aka ɗauke su hoto, ya ce 'ya'yansa zai tura wa. Na tambaya har ta fashe da kuka, tana cewa, "Umma, me na yi? Wa ya ce na yi wani abu?" Na rungume ta na ce ba ta yi komai ba. Na yarda da ita. Amma daga ranar, yarinyar da ke gaishe da kowa a layi ta koma tafiya kai a sunkuye, in namiji ya yi mata magana sai ta waiwayo ta kalle ni tukuna.

Ina haɗa kaya Hajiya Memuna ta lallaɓo da sandarta ta tsaya a ƙofa.

"Kin ji ke nan."

"Hajiya, ke ma mace ce. Kina kallona shekara guda."

"Ƙanena ne, ciki ɗaya. In na faɗa, na kashe shi. In na yi shiru, ban iya barci." Ta ɗaga tafin hannunta tana nuna mini. "Abin da na iya, na yi. Ban taɓa barin yarinyan nan shi kaɗai ba."

Ban gode mata ba, ban kuma zage ta ba. Na mayar da keken uwarsu ƙofar ɗakinta, na ɗauki jakata.

Muka tsallaka kwata muka koma Nima. Mma Lamisi tana kwashe tukunya. Da ta gan mu da jaka ta ajiye ludayi. Na tambaye ta ko ta sani.

"Na ji ana faɗi. Ba a rasa faɗi a zango." Ta ƙi haɗa ido da ni. "Yarinyan zai mutu a baranda, 'yar Najeriya. Na duba wannan, na duba wannan, na zaɓi mai rufi."

Na yi fushi da ita har na kasa cin abincinta. Duk da haka ita ce ta nema mini wuri a Sabon Zongo, wurin wata 'yar garinsu mai shagon ɗinki. Muna aiki da rana, in an rufe mu ture kekuna mu shimfiɗa tabarma. A nan muka ci gaba da zama. Nafisa ta bar makaranta na wani lokaci, ta koyi sa maɓalli da kalmasa.

Bayan wasu watanni na je Nima sayen zare, Mma Lamisi ta ba ni labari. Kotu ba ta ba Alhaji gaskiya ba, an bar shi a matakin sama. Lauyansa ya ɗaukaka ƙara, ya ce kotun gaba ta sha rushe irin wannan, kuma za a sake neman shaida. Wasu a layin suna cewa ni na kayar da shi, butulu, bayan ya rufa mini asiri. Wasu suna cewa Allah ya ƙara. Sannan ta ce ɗakin da muka bari ba ya nan a rufe. Wata mata daga Tamale ta shiga, da 'ya'ya mata biyu.

"Ba ni na kai shi ba," ta ce da sauri. "Wallahi ba ni ba."

Na bar zaren a bencinta na nufi Mamobi. Ban shiga gidan ba. Na tsaya wurin famfon haya na layin har matar ta fito da bokiti. Siririya ce, ƙaramar 'yarta tana riƙe da gefen zanenta, babbar tana biye da jarka. Na yi mata sallama, na ja ta gefe, na gaya mata ko ni wace ce. Na faɗa mata duk abin da tafinta ya faɗa mini, kalma da kalma, ban rage ba. Na kuma gaya mata cewa 'yata ta rantse bai taɓa ta ba, don wannan ma gaskiya ce.

Ta saurare ni har na gama, fuskarta ba ta canza ba. Bokitinta ya cika yana zuba, mai famfon yana mata magana ba ta ji.

"Shi da kanshi ya gaya mini," ta ce. "Ranan farko. Ya ce wanda ya zauna kafin ni ya yi fushi don bai faɗa ba."

"Kuma kika shiga?"

Ta kalli 'ya'yanta, ta kalle ni.

"Kina da ɗaki?"

Ni da nake kwana a tabarma a shagon wata. Ta jira kaɗan, ko zan ce wani abu. Sannan ta sunkuya, babbar 'yar ta taya ta ɗora bokitin a ka, ta kama hannun ƙaramar, suka koma cikin gidan. Na ji ta tura ƙyauren ɗakin, na ji ta sa sakata, da rana tsaka.